Fita ta farko neman kirafi a babban tafki: ka tambayi ruwa kafin ka duba kalanda

Idan kana cikin waɗanda suka saurari shirinmu na masunta da ma'abota ruwa a makon jiya, to ka ji saƙon muryar da wani ɗan'uwanmu ya turo mana daga Amurka. Ɗan Gaya ne, jikan masunta, yanzu yana karatu a yammacin jihar Kentaki. Abokan karatunsa sun matsa masa sai ya bi su kamun wani kifi da ake kira kirafi idan sanyi ya fara janyewa, kuma da suka ji asalinsa sai suka ɗora masa tsara tafiyar baki ɗaya. Ya ce ya san fatsa, ya san birgi, ya san tuƙa kwale-kwale, amma tafkin da za su je ya hango shi daga kan gada bai ga ƙarshensa ba. Tambayarsa ɗaya ce: ta ina zai fara?

Minti ashirin na shiri bai ishe mu ba, shi ya sa na zauna na rubuta amsar a nan. Da kai nake magana, ɗan'uwa na Kentaki. Kai kuma da ke karantawa a Kamba, ko Malanbil, ko Yauri, kada ka ce wannan ba naka ba ne. Kifin dai baƙo ne a wurinmu, amma yadda ake karanta ruwa za ka ga ka san rabinsa tun daga gida.

Wane kifi ne wannan?

Kirafi kifin ruwan daɗi ne na Arewacin Amurka. A takardun hukuma za ka ga an rubuta shi crappie. Faffaɗan jiki gare shi kamar karfasa, sai dai ya fi ta sirantaka, bakinsa kuma ya fi nata faɗi. Yawancin waɗanda ake kamawa ba su wuce santimita 20 zuwa 30, nauyinsu tsakanin rubu'in kilo da rabin kilo. Farin kirafi mafi girma da aka taɓa rubutawa a kundin duniya an kama shi ne a shekarar 1957 a madatsar Enid ta jihar Misisifi, nauyinsa kilo 2 da giram 350. Ka ga kenan ba giwan ruwa za ka je nema ba. Abin da ya sa Amurkawa ke rububinsa shi ne yana yawo garke-garke, tsokarsa kuma fara ce tas, mai laushi, ba ƙarni. A jihar Luwiziyana, inda har yanzu akwai masu jin Faransanci, suna ce masa sakale, wato jakar madara, kuma 'yan Nijar za su gane kalmar da jin ta.

Iri biyu ne, fari da baƙi. Kada launi ya ruɗe ka, domin lokacin ƙwai namijin farin ma yakan yi baƙi. Ka ƙirga ƙayoyin da ke gadon bayansa. Idan 5 ne ko 6, fari ne, kuma za ka ga zane-zane a tsaye a jikinsa. Idan 7 ne ko 8, baƙi ne, shi ɗige-ɗige gare shi barkatai. Farin ya fi jure gurɓataccen ruwa mai laka. Baƙin ya fi son ruwa garai-garai da tsakuwa, kuma yakan riga farin matsowa gaɓa. Sanin wanda ka kama zai gaya maka irin wurin da sauran 'yan'uwansa suke.

Bazararsu daban, tamu daban

Masu fassara sukan kira lokacin nan na Maris zuwa Mayu bazara, tun da watannin sun zo ɗaya da namu. To amma a nan gida bazara ita ce lokacin da rana ke dafa ƙwai, tabkuna na ƙafewa, kifi na taruwa a gurbi. A can kuwa lokacin ne ƙasa ke fita daga sanyin ƙanƙara. Ruwa na ɗumama a hankali, kifin da ya yi watanni a zurfi yana tasowa neman wurin ƙwai. Duk tafiyarka a kan wannan tasowar ta dogara.

Kuskuren farko da baƙo ke yi shi ne ya tambayi ranar da kirafi ke shigowa gaɓa, a ce masa tsakiyar Afrilu, ya kama ɗaki ya biya kuɗin jirgi, ya zo ya tarar sanyi ya dawo kifi ya koma ƙasa. Kirafi bai san Afrilu ba. Zafin ruwa yake bi, sai kuma tsawon yini. Ga yadda abin yake:

Ruwa na ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salsiyos, wato 50 a na Farenhait da Amurkawa ke amfani da shi: kifi na zurfi, mita 4 zuwa 6 ko fiye, a gefen tsofaffin kwarurukan rafi, ba ya son motsi.

Digiri 10 zuwa 13: ya fara shiga rassan tafki, yana bin kwarin rafi kamar yadda matafiyi ke bin hanya, yana tsayawa duk inda ya sami itace a mita 2 zuwa 4. A wannan lokacin yana cin abinci sosai.

Digiri 14 zuwa 18, wato kimanin 57 zuwa 65 a nasu: lokacin ƙwai ya yi. Maza ke fara isa gaɓa, su share gurbi da jela a ƙasa mai ɗan tauri kusa da kututture ko saiwa. Matan na jira a ɗan nesa inda ya fi zurfi, su shigo su zuba ƙwai su fita. Namiji ke zama gadi har ƙwai ya ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ya taɓa ganin ramukan karfasa a yashin bakin kogi ya san wannan aikin.

Ruwa ya haura digiri 21: biki ya watse, kifi na komawa zurfi.

Tsofaffin yankin suna da tasu alamar. Sukan ce idan wata bishiya mai farin fure da suke kira dogwud ta yi huda, kirafi ya zo gaɓa. Alamar tana da ƙamshin gaskiya, tun da ɗumin da ke buɗe furen shi ke ɗumama ruwan. Amma ɗan ma'aunin zafi da za ka ɗaura a zare ka jefa ya fi fure tabbas, kuma kuɗinsa bai kai na abincin rana ba.

Abu na biyu da za ka lura da shi shi ne iskar sanyi da ke saukowa daga arewa. A wannan lokacin takan zo bagatatan bayan hadari: gari ya waye tangaran, sama shuɗiya, amma sanyi ya dawo. Ruwan gaɓa ya faɗi da digiri biyu ko uku cikin dare ɗaya. Kifin da jiya yake a ƙugu, yau ya koma wurin da ya fi tsawon mutum biyu, ya lafe cikin rassa. Bai bar yankin ba. Baya kawai ya ja zuwa gangare na farko. Idan ka iya zaɓen rana, ka nemi wadda ta biyo bayan kwana uku na ɗumi a jere.

Ka yanka tafkin gunduwa-gunduwa

Tafkin Kentaki ɗan Adam ne ya yi shi. Hukumar kwarin kogin Tenesi, wadda ake kira TVA, ta fara gina madatsar a 1938 ta gama a 1944. Faɗin ruwan ya kai murabba'in kilomita 650, kusan rabin tafkin Kainji, kuma a gabashin kogin Misisifi babu tafkin da aka haƙa da ya fi shi faɗi. Tsawonsa kusan kilomita 300, kwatankwacin daga Gaya zuwa Yamai. Ya ratsa jihohi biyu, Kentaki a arewa, Tenesi a kudu. A gabashinsa akwai ɗan'uwansa tafkin Barkley, wata mashigar ruwa ta haɗa su.

Wa zai ce maka ka binciko kifi daga Gaya zuwa Yamai cikin kwana biyu? Don haka ka manta da babban ruwan. A lokacin ƙwai kirafi ba ya tsakiyar tafki, yana cikin rassa, wato wuraren da ƙoramu ke shigowa da a da, ruwan madatsa ya shanye su suka zama lunguna masu tsawo. A ɓangaren Kentaki sanannu su ne Jonathan Creek da Blood River, a ɓangaren Tenesi kuma Big Sandy. Ka zaɓi ɗaya tak, wanda ya fi kusa da masaukinka, ka ƙudurta cewa nan ne tafkinka na wannan tafiyar. Kowane ɗayansu ya ishi mutum yawon mako guda.

Bayan ka zaɓa, ka nemi taswirar da ke nuna zurfin ruwa. Ana sayar da ita a shagunan kayan kamun kifi, akwai ta kuma a manhajojin waya. Ka nemo layin tsohon rafin a kanta, ka bi shi da yatsa daga bakin reshe har ƙuryarsa. Ka sa alama a wuri shida: biyu kusa da baki inda ya fi zurfi, biyu a tsakiya inda rafin ya yi gwiwa kusa da gaɓa, biyu a can ƙurya inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Da safe za ka auna zafin ruwa, shi zai gaya maka ta wanne za ka fara.

Lungunan da ke gaɓar arewa, masu fuskantar kudu, su ke fara ɗumi. Rana a can tana karkata ne ta kudu, tana dukan gaɓar arewa tsawon yini, tudun kuma yana kare ta daga iskar sanyi. Ruwa mai ɗan laka shi ma ya fi garai-garai saurin ɗaukar zafi. Bambancin digiri ɗaya ko biyu tsakanin lungu da lungu na iya zama bambancin cika bokiti da komawa hannu rabbana.

Akwai kuma maganar hawa da saukar ruwa. Hukumar madatsar takan rage tafkin lokacin sanyi don ya sami wurin karɓar ambaliya, sannan daga farkon Afrilu ta fara cika shi, ya kai matsayinsa na rani wajen farkon Mayu. Tsakanin matakan biyu ƙafa 5 ne, wato mita ɗaya da rabi. A gaɓa mai shimfiɗe wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kurmin da ka gani a tudu a watan Maris, a ƙarshen Afrilu yana cikin ruwa, kifi na ƙwai a gindinsa. Hukumar tana wallafa matakin ruwan kullum a intanet. Ruwa na hawa a hankali, kifi na matsowa. Ruwa na sauka da sauri, kifi na ja da baya. Masuntan kogin Isa, wanda 'yan Nijeriya ke kira Kwara, ba sai an koya musu wannan ba.

Inda itace yake, nan kifi yake

Kirafi ba ya son fili. Kututture, faɗaɗɗiyar bishiya, ƙafar gada, ƙarƙashin matsayar jirage, nan yake fakewa yana jiran ƙananan kifaye. Shi ya sa hukumomin kifi na jihohin biyu, da su kansu masu kamun, suke nutsar da tarin rassa, suna kuma kakkafa turaku da yawa wuri ɗaya a ƙasan ruwa. Wanda ya taɓa zuwa tafkin Nokuwe kusa da Kwatano ya ga irin wannan dabarar, wadda mutanen Benin ke kira akaja: a kafa rassa cikin ruwa, kifi ya mai da wurin gida. Waɗanda hukuma ta kafa na kowa ne. Wasu an sa musu alama mai yawo a kan ruwa, kuma ana samun taswirar wurarensu kyauta a shafin hukumar kifi da namun daji ta jihar. Ga baƙo, wannan taswirar ta fi kowace na'ura mai tsada amfani.

Kayan aiki: kaɗan, marasa nauyi

Kada mai shago ya cika maka kwando. Ga abin da ya wajaba. Sandar fatsa mai laushi, tsawon mita 2 idan jifa za ka riƙa yi, ko doguwa mai mita 3 zuwa 3 da rabi idan kana so ka miƙa ta cikin rassa ka sauke ƙugiya a tsaye. Zaren roba siriri, wanda aka rubuta wa lamba 4 ko 6. Ƙugiyoyi masu siririn ƙarfe, lamba 2 ko 4. An so su sirara ne don idan sun maƙale a itace ka ja su miƙe su fito, ka lanƙwasa su da hannu ka ci gaba. 'Yan ƙananan dalma. Sai totuwa irin tasu ta roba mai zamewa a kan zare, wadda wani ɗan ƙulli ke tsayarwa daidai zurfin da kake so. Ka matsa ƙullin sama, ka ƙara zurfi. Ka matso da shi ƙasa, ka rage.

Abincin ƙugiya iri biyu ne. Na farko 'yan kifaye masu rai, tsawon ɗan yatsa, da ake sayarwa a shagunan bakin tafki. Ka saƙala ƙugiya a leɓensu ko a bayansu don su ci gaba da motsi. Kirafi ba ya damuwa da tana kamar yadda tarwaɗa ke yi, kifi yake so. Na biyu ƙugiya ce mai kan dalma da jelar roba ko ta gashi, suna ce mata jig. Ka sayi masu nauyin giram ɗaya zuwa biyu, waɗanda a kwalinsu za ka ga 1/32 ko 1/16. Launi uku sun isa: kore mai ruwan ɗorawa da baƙi don ruwa mai laka, fari don ruwa garai-garai. A fitar farko ka fara da kifi mai rai, shi ya fi yafe wa mai koyo.

Abubuwa biyu game da halittar kifin nan za su cece ka. Idanunsa suna kallon sama, kuma daga ƙasa yake tasowa ya cafki abinci. Ƙugiyar da ta sauka ƙasa da shi ba zai gan ta ba. Don haka ka fara daga sama kana ƙara zurfi kamu ɗaya-ɗaya har ka dace. Saboda tasowar nan da yake yi, wani lokaci totuwa ba ta nutsewa. Sai ka ga ta kwanta a kan ruwa, ko zare ya yi sako-sako. Shi ne fa, ɗaga sandarka. Na biyu, fatar bakinsa siririya ce, har laƙabi Amurkawa suka yi masa da mai bakin takarda. Idan ka fizga irin fizgar da muke yi wa kurungu, leɓen kawai za ka tsinka. Ɗagawa ake yi a hankali, zare a miƙe, a sa 'yar koma a ɗauko babba.

Idan ka yi minti goma sha biyar zuwa ashirin a wuri ba ko taɓi, ka canza zurfi. Ka canza sau biyu shiru, ka tashi zuwa alama ta gaba. Idan kuwa ka kama ɗaya, kada ka motsa. Ka maida ƙugiya wuri ɗaya, zurfi ɗaya. Da wuya kirafi ya zauna shi kaɗai.

Doka: nan ne jikan masunta zai iya faɗawa rami

Ka saurare ni da kyau a nan, ɗan'uwa. Abin da ya zama gwaninta a gida na iya zama laifi a can. Kirafi yana cikin kifayen da doka ta ware don kamun nishaɗi. Da ƙugiya kaɗai ake kama shi. Ba birgi, ba taru, kuma ba a sayar da shi. Ko ka ga garke a gabanka ruwa iya gwiwa, hannunka na ƙaiƙayi, ka haƙura.

Duk wanda ya kai shekara 16 sai da lasisi. Ana saye a intanet ko a shago cikin 'yan mintuna. A Kentaki shekarar lasisi tana farawa ranar 1 ga Maris, don haka na bara ya mutu kafin tafiyarku. Akwai na yini ɗaya, akwai na shekara, kuma kuɗin mazaunin jiha ya fi na baƙo sauƙi. Ka nuna katin makarantarka ka tambaya, domin ɗalibin da ke cikakken karatu a jihar yakan shiga sahun mazauna. Ka tuna kuma tafkin na jiha biyu ne. Akwai yarjejeniyar da ta sa lasisin ɗaya ke aiki a wani yanki tsakanin gadoji biyu na kusa da iyaka, amma ba ta game ko'ina ba. Mu mutanen iyaka mun san wannan: takardar da ta wuce da kai a Gaya ba lallai ta wuce da kai a Kamba ba. Mafi sauƙi, ka sayi lasisin jihar da reshenka yake, ka tsaya a ciki.

A ɓangaren Kentaki na tafkin, kirafin da bai kai inci 10 ba, wato santimita 25 da ɗoriya, sai a mai da shi ruwa, kuma mutum ɗaya ba ya wuce 20 a yini. Ana iya sauya waɗannan lambobin, don haka ka karɓi ɗan littafin dokokin bana a inda ka sayi lasisi. Ka tafi da allon awo, ka rufe bakin kifin ka auna har ƙarshen jela. Jami'an kifi suna zagaye da jirgi, suna buɗe akwatin ƙanƙara suna ƙirgawa, kuma tara ce ke biyo baya. Ɗalibi baƙo ba ya son sunansa ya shiga takardar kotu saboda kifin rubu'in kilo.

Dalilin dokar ba baƙo ba ne a wurinmu. Kifin nan yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku kafin ya kai inci 10, kuma ba kowace shekara ƙwansa ke yin albarka ba. Shekarar da ruwa ya yi ta hawa da sauka lokacin ƙwai, 'ya'yan ba su yawa. Idan aka kwashe ƙanana, shekaru masu zuwa za a ji a jika. Haka sarakunan ruwa suke yi tun kaka da kakanni, kamar yadda ake hana taɓa Matan Fada a Argungu sai ranar da aka buɗe. Ragowar 'yan kifayen ƙugiyarka kuma kada ka zuba su cikin tafki, ka juye su a tudu. Ta irin wannan hanyar cututtuka da baƙin kifaye ke shiga ruwan da ba nasu ba.

Ruwan da ke kashe gwani

Yanzu ga maganar da ta fi duk sauran nauyi. Na san ka iya ruwa. Amma ruwan da ka koya a cikinsa, ko a tsakiyar hunturu bai taɓa yin sanyin wanda za ka hau ba. Mutumin da ya faɗa ruwa mai digiri 12, a daƙiƙun farko jikinsa ke jan numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba. Idan kansa na ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. Wanda ya tsallake wannan yana da kamar minti goma kafin yatsunsa da hannayensa su daina yi masa biyayya, ga rigunan sanyi sun jiƙe sun yi nauyi. Iya ninƙaya ba ya maganin wannan. Rigar ceto ce ke yi. Doka ta ce kowane mutum a jirgi a tanadar masa guda, yara kuma dole su sa. Ni kuwa cewa nake ka sa taka ka ɗaure tun daga tudu, ka sa abokanka su sa, tun da kai suka naɗa shugaba. Wadda ke ƙarƙashin kujera ba ta ceton kowa.

Sai iska. Tafkin a miƙe yake daga kudu zuwa arewa, ba abin da ke tare iska tsawon kilomita masu yawa. Ruwan kogin arewa yake gangarawa, don haka idan iskar arewa ta taso tana karo da shi, igiyar ruwa takan yi tsayi ta yi tsini. Cikin reshe za ka ga lafiya lau, ka leƙo baki ka tarar da wani abu daban. Wannan ma dalili ne na saukar da jirgi a cikin reshen da za ka yi kamun, don kada ka tsallaka babban ruwa sam. Ka duba hasashen yanayi da dare, ka sake dubawa da asuba. Lokacin hadari ne mai tsawa da guguwa a wannan yankin. Ka ji tsawa, ka naɗe ka fita, domin doguwar sanda a hannu a fili kiran aradu ce.

A tsakiyar tafkin akwai hanyar manyan jiragen dakon kaya, wadda aka yi wa alama da ja da kore. Ba su iya tsayawa da wuri, ba su iya kauce maka. Akwai kuma wani baƙon kifi ɗan asalin Asiya, farin kaf, da ya cika tafkin. Ƙarar inji ke firgita shi ya yi tsalle sama, babbansa ya haura kilo 10, kuma yakan faɗo cikin jirgi ko ya bugi mutum. Ka rage gudu a ruwa marar zurfi. Kafin ku tashi, ka gaya wa wani a tudu reshen da za ku da lokacin dawowarku. Ka sa waya a leda, ka ɗauki kayan canji a wata ledar.

Yadda zan tsara maka kwana biyun

Idan aljihu zai ɗauka, ku haɗa kuɗi ku ɗauki jagora na rabin yini a rana ta farko. Yana da jirgi, yana da kaya, ya san inda kifi ya kwana jiya. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Ku yi ta tambayarsa: me ya sa nan, zurfin nawa, me zai sa ya tashi. Abin da za ku koya cikin awa huɗu ya fi kifin da za ku kama. Masu wannan sana'a sukan cika da wuri a watan Afrilu, sai a kama su tun watanni kafin lokaci.

Idan babu kuɗin jagora, ba a fasa ba. Lokacin ƙwai shi ne lokaci ɗaya a shekara da mai tsayuwa a tudu ke yin kafaɗa da mai jirgi. Gandayen shaƙatawa na jiha da ke bakin tafkin, irin su Kenlake da Kentucky Dam Village da Paris Landing, suna da gaɓar da kowa zai iya tsayawa. Ka nemi jerin duwatsun da aka zuba don kare gaɓa, ko bishiyar da ta faɗa ruwa. Ka taka a hankali, kada inuwarka ta faɗa kan wurin. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Da yammacin ranar da kuka isa, ka shiga shagon da ke sayar da 'yan kifaye, ka yi ciniki, sannan ka yi tambaya uku: zafin ruwa nawa ne yau, a wane zurfi ake samu, ruwa hawa yake ko sauka. Ba wanda zai gaya maka gurbinsa, amma waɗannan ukun za su faɗa maka da murmushi. Rana ta farko ta bincike ce, ka zagaya alamominka shida kana rubuta zafi da zurfi. Rana ta biyu ka koma biyun da suka fi. A farkon lokaci, la'asar ta fi asuba, domin rana ta yini tana ɗumama gaɓa. Idan ɗumi ya zauna, sassafe da gab da magariba sun fi.

Abin da kuka kama ku sa a ƙanƙara nan take. Can sukan fere tsokar gefe biyu, su birkita ta a garin masara da gishiri, su soya a mai mai zafi. Kai kuma ka tafi da yajinka na gida, ka nuna musu yadda ake yi a Gaya.

Muna jiran saƙonka bayan tafiyar, ka gaya mana zafin ruwan da ka tarar da zurfin da ka same su. Ku kuma masuntanmu na gida, a shirin mako mai zuwa muna so mu ji daga bakinku: wace alama kuke bi ku san karfasa ta fara haƙa gurbi a wurinku? Layukanmu na buɗe kamar kullum. Allah Ya kai mu, Ya kuma tsare duk wanda ke kan ruwa.